Kashin Kyanwa a Ganyen Goro

Salaga, 21 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Taslima, a Bawku.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida mutanen asibitinku na dabbobi, masu ƙafa biyu da masu huɗu. Mu nan lafiya, sai gwiwa, sai kunnen nan da ya mayar da ni ga biro. In an kira ni a waya sai in ji kamar daga ƙasan ɗaya daga cikin tsofaffin rijiyoyin garin nan ake magana.

Ƙunshin da Sadick direba zai miƙa miki ba goro ba ne. Na faɗa tun da wuri don kada ki buɗe shi gaban baƙi. Kashin Lamisi ne.

Kin san Lamisi, kyanwar marigayiya Hajiya Zuleha, wadda ta shigo mana wata Alhamis a jiƙe, Hajiya ta raɗa mata suna kafin ta tambaye ni ko ina son baƙuwa. To, ga abin da ya faru. Yayarki Sumaiya ta zo Ƙaramar Sallah daga Yendi da 'yarta Hikmat, suka kwana tara. Komawarsu ke da wuya sai wani jan layi ya fito wa yarinyar a ƙafa, siriri kamar zare, yana lanƙwashe-lanƙwashe. Yau yana nan, gobe ya matsa gaba. Tana susa har jini. Likitan da ya duba ta ya ce tsutsa ce irin ta cikin kare ko kyanwa: ƙwanta na fita cikin kashinsu, ya ƙyanƙyashe a yashi mai laima, ta shiga fatar wanda ya taka ba takalmi. Ya tambaya ko akwai yashi inda ta je. Kin dai san tulin yashin tsakar gidana. A kansa Hikmat ta yini kullum tana gina mini masallaci.

Sumaiya ta aiko takarda mai layi huɗu, gaisuwar ma rabi. Ta ce ko in fitar da kyanwar, ko Hikmat ba za ta ƙara taka Salaga ba. Har ta ce akwai masu so a bayan tasha. Kin san abin da suke yi da kyanwa a can, ba kiwo ba ne.

Ni kuwa na ce a kawo shaida. Maƙwabcina Nazif makanike yana da kare, Soja, yana shigowa ta inda katangata ta zube. Yanzu kyanwar da ke kwana kan buzuna, wadda ke wanke fuska fiye da wasu da muke sahu ɗaya da su, ita za a kama a bar kare?

An ce ku kuna duba irin wannan abu a madubin likita ku faɗi abin da ke cikin dabba. Na tono shi jiya da safe daga gefen yashin, inda ta binne. Na naɗe shi yadda kakanmu ya koya mana naɗin goro: ɗanyen ganyen fita, yayyafin ruwa, ɗauri ba matsi. Goron da aka yi wa wannan naɗi da ransa yake isa Kano. Na ce wa Sadick ya riƙa yayyafa masa ruwa a hanya. Ban gaya masa ko mene ne ba.

Babbar Sallah saura wata biyu. Ina son yarinyar nan a gidan nan ranar, ina kuma son kyanwar. Ki duba da idon rahama.

Babanki,
Sualihu

*

Bawku, 2 ga Mayu

Baba,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu ma lafiya.

Ƙunshi ya iso, amma bayan kwana shida. Motar Sadick ta lalace a Gushegu. Ya cika amana, safe da yamma yana yayyafa ruwa. Da na gaya masa abin da ya yi wa hidima, sai ya zauna kan benci ya ce, "Ni Alhaji zai yi wa haka? Har a gaban mota na ajiye shi, kusa da abincina!"

Na duba, ban ga ƙwai ko ɗaya ba. Amma Baba, don Allah ka karanta abin da ke biye.

Ga yadda muke yi. Mukan dama ɗan kashin cikin ruwan da ya sha gishiri sosai, mu tace, mu cika 'yar kwalba har baki, mu ɗora siririn gilashi a kai. Ƙwan tsutsa bai kai wannan ruwa nauyi ba, sai ya taso ya manne a gilashin, mu sa a madubi mu gane shi. Ƙwai muke nema. Shi kuwa ƙwan wannan tsutsa, in ya samu ɗumi da laima, kwana ɗaya ko biyu yake ƙyanƙyashewa. Naɗinka ya yi kyau ƙwarai, Baba, abin da ke ciki ma da ransa ya iso. Na tarar da fumfuna da ƙananan tsutsotsi suna motsi, kuma ba zan iya cewa daga cikin Lamisi suka fito ko daga ƙasa da ganye ba. Wannan gwaji bai wanke ta ba, bai kama ta ba. Kamar ba a yi ba ne.

Ga kwalabe biyu, da ruwan magani a ciki mai tsayar da komai yadda yake. Kada ya taɓa ido ko baki. Ɗaya ta Lamisi, ɗaya ta karen. Ka rufe Lamisi a ɗaki da faranti da yagaggen takarda, ba yashi. Ka ɗebi sabon kashi, kamar ƙwayar gyaɗa biyu, wanda bai taɓa ƙasa ba. Ka rubuta suna a jikin kowace. Ba ganye, ba yayyafi.

'Yarka,
Taslima

*

Salaga, 8 ga Mayu

Zuwa ga Sumaiya, a Yendi.

Bayan sallama, ina gaishe ki cikakkiyar gaisuwa, ba irin wadda aka aiko mini ba. Yaya maigidanki Malam Tajudeen da makaranta? Yaya ƙafar Hikmat mai jan gemuna? Ki ce mata tun da ta tafi ba wanda ya ja shi, har ya fara girman kai.

Ƙanwarki Taslima ta auna kashin Lamisi a wurin aikinsu. Ga kalmominta, ban ƙara ko wasali ba: "Na duba, ban ga ƙwai ko ɗaya ba."

Saura kare. Ina kan shirya masa shari'arsa.

Ragon bana na riga na gani, fari ne mai baƙin kunne. Yana bukatar wanda zai riƙa ba shi ɓawon doya.

Mahaifinki

*

Salaga, 19 ga Mayu

Taslima 'yata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, mutuncina ne ya kwanta ciwo. Zauna ki ji.

Na rufe Lamisi a ɗakin Hajiya da faranti da tsohuwar jarida. Kwana biyu ta ƙi. Tana zaune bakin taga tana kallon yashi, in na leƙa ta juyo ta dube ni irin kallon da Hajiya ke yi mini in na dawo kasuwa ba abin da aka aike ni. A rana ta uku ta haƙura.

Sai na tafi wurin Nazif. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Na yi sallama na faɗi buƙatata. Ya turo kansa waje ya ce, "Alhaji, shekara bakwai kana jifan karen nan, yau kuma kashinsa kake so?"

Na ce, "Aro ne, ba kyauta ba."

Ya ce, "Ɗauki duka. Amma Soja yana shan maganin tsutsa duk wata uku. Ni ma ban samu wannan gata ba."

Na ce a raina, kowane mai laifi yana da lauya.

Washegari da hantsi, ni Sualihu jikan masu huhun goro ɗari, ina bin kare a baya da cokali. Ya bi ta gaban mai koko, na bi. Ya tsaya, na tsaya. Ya shinshina ya fasa. Mai koko ta ce, "Baba Alhaji, lafiya? Ko ya ɗauke maka wani abu ne?" Na ce, "A'a, jira nake ya ajiye." Daga bisani ya ajiye, na ɗiba daga sama kamar yadda kika ce.

Da na zauna rubuta suna, kwalaben nan biyu iri ɗaya a gabana, ba mai gani, Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, in ka juya sunayen fa? Ban juya ba. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba. Na tabbata karen ne mai laifi, to me zan juya?

Na ɗan yi wa yayarki albishir. Kada ki damu, kalmominki na ba ta. Sadick ya ƙi karɓar saƙon sai da ya ga kwalba ce, ya kuma ɗaure ta a saman mota. Ki hanzarta. Kwanakin nan ba na iya zama wuri ɗaya, in fita shago in dawo, in dawo in fita.

Babanki

*

Yendi, 25 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya kasuwa? Ga gaisuwar nan cikakkiya, da bikon ta baya.

Ka yafe mini. Ranar da na rubuta waccan takarda, Hikmat tana birgima a tabarma tana cewa in cire mata zaren. Ban san abin da nake rubutawa ba. Maganar bayan tasha kuwa, da Mama na raye da ta ci mini mutunci a kanta.

Hikmat ta sha ƙwayar da likita ya ba ta, layin ya tsaya, ya bushe, saura tabo. Da na karanta mata takardarka sai ta yi tsalle ta ce, "Na gaya miki Lamisi ba ta yi ba!" Ta riga ta fara tara wa ragon ɓawon doya a leda, gidan duk wari.

Za mu zo saura kwana biyu Sallah, in Allah ya yarda. Ka sa a toshe katangar nan kawai saboda karen. Yashin kuwa, na san ba za ka taɓa shi ba, ni ma ba zan ce ka taɓa ba. Ina nan ranar da Mama ta sa tifa ta juye shi, tana cewa da shi za a gina mana ɗaki ni da jikokinta in mun zo. In kare ya daina shiga, rana za ta gasa shi.

'Yarka,
Sumaiya

*

Bawku, 27 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata takardar nan ta same ka a zaune.

Kwalabe sun iso lafiya, ka yi daidai wannan karon. Na Soja na duba sau biyu, ban ga komai ba.

Na Lamisi cike yake da ƙwai. Dogaye kaɗan, ɓawonsu siriri, da 'yan ƙulle-ƙulle a ciki. Irin na tsutsar da ke maƙale wa hanji tana shan jini, ita ce kuma 'ya'yanta ke shiga fatar mutum. Na kira abokin aikina ya duba ba tare da na gaya masa na wa ne ba. Abin da na gani ya gani.

Ba mutuwa ba ce, Baba. Ga magani. Ka auna nauyinta, ka bi abin da na rubuta a jikin ledar. Bayan sati biyu ka sake ba ta, bayan wasu sati biyu ka aiko a kwalba ta uku. Amma maganin cikinta zai wanke, ba yashin ba. Yashin yana ƙarƙashin inuwar mangwaro, ga damina ta sauka. Abin da ke ciki zai yi makonni yana jiran ƙafa.

Yaya Sumaiya ta kira ni shekaranjiya tana ta godiya, wai na wanke Lamisi. Sai na ce mata layin ba kyau, na kashe. Ban taɓa yi mata haka ba. Kalmomina ka ba ta, gaskiya ne, amma ka san inda ka tsaya. Maganar taka ce, ban so in shiga gabanka.

'Yarka,
Taslima

*

Salaga, 5 ga Yuni

Sumaiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Ba zan yi dogon zance a bakin ƙofa ba yau.

Takardarki da ta Taslima rana ɗaya suka iso. Taki na fara buɗewa, na yi murna ta minti goma.

Lamisi ce. Karen Nazif ba shi da komai. Kuma takardar da na aiko miki a watan jiya, gaskiya ban ƙara wasali ba, amma na rage shafi guda. Taslima ta rubuta cewa gwajin farko ya lalace saboda naɗin goron da na yi, bai wanke kowa ba. Na karanta, na fahimta, na ninke wannan wajen na kwafe miki layin da nake so.

Kwana shida takardar nan tana aljihuna. Zan gaya miki abin da na shirya, don ki san irin uban da kike da shi. Na ce in ba kyanwar magani a ɓoye, in toshe katanga, in yi shiru. Ku zo, a ci nama, ku koma. Wa zai sani? Har na kira mai gyaran katangar.

Jiya aka yi ruwa da asuba. Da gari ya waye na hango wani abu yana ƙyalli a tulin yashin. Gwangwanin madara ne, wanda Hikmat ke yi wa masallacina hasumiya da shi, ruwa ya tono shi. Na taso daga buzu ƙafa ba komai, na nufi wajen. Saura taki ɗaya sai na tsaya, na koma na sako takalmi.

Na ɗauko gwangwanin, na tsaya ina kallon takalman nan a ƙafata. Tsohuwar ƙafa mai kaushin da ƙusa ma sai ta yi shawara kafin ta shige ta, ita na kare. Ta yarinyar kuwa ina shirin in bari ta hau.

Ban kai Lamisi bayan tasha ba, kuma ba zan iya ba. Ita kaɗai ta rage a gidan nan da ke zuwa ƙofar ɗakin uwarki da safe tana jira a buɗe. Ta fara shan magani. Ba na roƙon ki zo. Ina gaya miki ne don in kin zo ko kin fasa, ya zama da saninki.

Mahaifinki,
Sualihu

*

Yendi, 10 ga Yuni

Baba,

Mun samu takarda. Muna lafiya.

A Yendi za mu yi Sallah. Hikmat ta yi kuka, na ce mata hanya ce ba kyau. Ka ga ni ma ka koya mini.

Ba kyanwar ce ta fi ƙona mini rai ba. Na zauna na rubuta maka ban haƙuri, ka karanta, kana sane.

In Taslima ta sake aunawa, ta aiko mini takardar da hannunta, kada ta biyo ta Salaga. Sai na gani zan san abin da zan ce.

Sumaiya

*

Salaga, 3 ga Yuli

Taslima,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina fata kun yi lafiya. Ni na yi ta da Nazif, ya kama mini ragon. Ƙasusuwan kuwa, Soja ne ya samu. Na kai masa da hannuna, na ce ya yafe. Bai ce komai ba, amma ya ci.

Na ɗora Lamisi kan sikelin masara a shago. Ta zauna da mutunci kamar buhu. Ƙwayar kuwa sau uku tana tofar da ita, sai da na tura ta cikin busasshen kifin Kete Krachi. Ta biyu ma haka. Ta fara yin ƙiba, gashinta ya kwanta. Ashe shekara guda ina cewa tsufa ne ya rame da ita, kamar ni.

Yashin ya tafi, amma bai bar gida ba. Na kira birkila da yaransa, na ce kowa ya sa takalmin roba. Suka kwaɓa shi da siminti, suka buga bulo. Wajen da tulin yake aka kankare, aka zuba ruwan zafi, aka dafe shi da siminti. Shekara huɗu ina cewa ba zan taɓa yashin Hajiya ba, kamar don a yi ta kallonsa ta saya. Yini biyu ya ɗauka. Da tifa ta farko ta juye shi, Hajiya ta ce mini, "Alhaji, kada ka bar shi ya tsufa." Ni na bar shi har ya yi jikoki.

Bulon na shanye a rana, Lamisi ta bi ta kan ɗaya tun bai bushe ba. Sawunta huɗu na nan. Birkila ya ce ya shafe, na ce ya bari, shaida ce, wannan karon ta gaskiya. An ja layin ɗakin, an fara tushe.

Ga kwalba ta uku. Sabo ne, daga faranti, ba ganye. Abin da kika gani ki aika Yendi kai tsaye, haka yayarki ta ce, kuma ta yi daidai. Ni kada ki gaya mini. Zan ji daga wajenta, ko in ji shiru.

Kullum in na ji ƙarar mota a kan titi sai in miƙe. Da wannan kunnen nawa, rabinsu ma ba motoci ba ne.

Babanki

*

Yendi, 16 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina kwana, yaya gwiwa, yaya kunne, yaya aikin gini?

Takardar Taslima ta iso hannuna. Na karanta daga sama har ƙasa, na juya bayanta ma na duba. Babu ƙwai. Ta ce a riƙa ba Lamisi magani duk wata uku, a riƙa zubar da farantin kullum. Ni zan riƙa tambayar Nazif, ba kai ba.

Ban gama fushi ba. Zan ƙarasa shi a can, a gabanka, ya fi sauƙi da a takarda.

Makarantarsu Hikmat za ta tashi ƙarshen wata, Asabar ta farko muna hanya. Na saya mata takalmi mai maɗauri, wanda ba ta iya cirewa da kanta. Na gaya mata gaskiya, cewa ba hanya ba ce, Lamisi ce ta yi ciwo ta warke. Ta ce to ita ma ta yi ciwo ta warke, sun yi daidai. Ka ajiye mata gwangwaninta.

Taslima ta ba ni labarin bulon nan mai sawu. Ka ce wa birkila kada ya sa shi a tushe. Ya sa shi gefen ƙofa, daidai tsayin Hikmat, kuma kada a yi masa filasta.

'Yarka,
Sumaiya